Kallo Ta Bayan Waya: Gidan Zoo, 'Yan Mishan da Zamanmu a Gudu

Duk Sallah, motocin unguwar nan sukan kwashi yara zuwa gidan namun daji da ke Asokoro, a gindin dutsen Aso. Waɗanda suka taso a Kano su ce ai bai kama ƙafar gidan zoo na Audu Bako ba, wanda aka buɗe a 1972. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma can da nan tsarin ɗaya ne: mu a waje, dabba a ciki, waya a tsakani. Mutum ya tsaya gaban jimina minti biyar, ya ɗauki hoto, ya wuce yana ganin ya santa, alhali bai taɓa ganin gudunta a fili ba.

Wannan wayar ce ta tayar mana da tambaya. Idan mutum ya zauna a ƙasar da ba tasa ba, mene ne hakkin mutanen da ya tarar a kansa? Ya kalle su, ya san su, ko ya nemi canza su?

An taɓa sa ɗan Adam a keji, ba tatsuniya ba ce. A watan Satumba 1906, a gidan zoo na Bronx a birnin New York, an ajiye wani saurayi ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai, jama'a na tururuwa kallonsa. Wanda ya kai shi Amurka, Samuel Verner, tsohon ɗan mishan ne. Waɗanda suka tashi tsaye har aka fitar da shi kuwa limaman coci ne baƙar fata. Littafi ɗaya suke riƙe da shi, amma ɗaya abin kallo ya gani, sauran ɗan'uwa. Shi ya sa ba ma yarda da mai yi wa 'yan mishan kuɗin goro, ko a yabo ko a zagi.

A ƙasarmu labarin ya fi haka sarƙaƙiya. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su tattara su bar masa gari. Miller bai koma gida ya zauna ba. Tun kafin zuwansa ya je Tarabulus ya koyi Hausa, ya zauna cikin birnin Zariya shekara da shekaru, har aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Bargery, mai ƙamus ɗin 1934 da malaman Hausa ke buɗewa har gobe, shi ma da aikin mishan ya fara. Kafin su akwai Schön, wanda ya rubuta labaran Dorugu, yaron nan Bahaushe da Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Sai ƙungiyar SIM, wadda ta riƙe wuraren jinyar kutare a Yadakunya, Amanawa da Babbar Ruga, ta kuma buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950.

To, a nan gizo ke saƙa. Ba su ɓoye manufarsu ba: so suke mu bar addininmu mu bi nasu. Iyayenmu da suka hana 'ya'yansu boko saboda wannan tsoro ba wawaye ba ne, sun ga abin da suka gani. Kuma magani ko karatu da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, cinikin ma da wanda ciwo ya kayar, wanda ba shi da bakin tayawa. Ba mu ga abin karewa a nan ba. Amma kuturun da danginsa suka gudu suka bari, baƙo ya wanke masa gyambo, za mu ce ba a yi masa alheri ba? An yi masa. Niyya tana wajen Allah, gyambon kuwa ya warke a jikin mai shi. Akwai kuma Hausawa Kiristoci, wasunsu maƙwabtanmu ne a nan Gudu, da suke ganin tarihin nan da wani ido dabam, kuma su ma Hausar tasu ce.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wahalar da suka sha kafin su yi magana. Wanda ya share shekaru yana tattara karin maganarka ya riga ya tsallako waya, ko da ba ka son abin da ya kawo.

Yau mu ne baƙin. Abuja ƙasar Gbagyi ce tun kafin dokar 1976, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disamba 1991. Harshenmu kuwa yana kiran gurɓatacciyar magana "gwaranci", a kan ƙasar mutanen da aka ari sunansu aka yi zagin. Bagwariyar da ke kawo mana doya da itace a kafaɗa tana ciniki da Hausa tsaf. Mutum nawa a layinku zai iya mayar mata da gaisuwa da yarenta? Inyamurin da ke sayar mana da kayan mota a kasuwar Gudu ya san lokacin azuminmu, ya san ranar da za mu rufe shago. Waninmu zai ce ai mu ba wa'azi muka zo yi ba, neman abinci ya kawo mu. Haka ne. Sai dai wanda ya zo karɓa ya fi wanda ya zo bayarwa bashin sanin mai gida.

A maƙabartar Gudu, Musulmi da Kirista kowa da ɓangarensa, ƙasa ɗaya. Da yawa cikin dattawan da suka kafa unguwar nan sun zo da niyyar shekara biyu su koma gida, yanzu a can suke kwance.