Shin Tsoron Da Ke Bin Mai Bugun Zuciya Raunin Imani Ne?

Akwai wata magana da bakinmu ya saba da ita idan mun je dubiya, musamman wajen wanda ya tsallake rijiya da baya: "Haba Alhaji, kai da Allah ya kuɓutar, mene ne kuma na tsoro? Ka yi tawakkali mana." Da kyakkyawar niyya muke faɗa, babu shakka. Amma ina so mu auna wannan magana a kan mutum guda: wanda ya yi bugun zuciya, aka yi masa magani, aka sallame shi, jikinsa ya dawo gida amma hankalinsa bai dawo ba.

Shi bugun zuciya abu ne da likitoci suka san yadda yake aukuwa. Zuciya tsoka ce, tana da jijiyoyin da ke kai mata jini. Kitse kan taru a bangon jijiyar sannu a hankali, wata rana gudan jini ya toshe hanyar, sai ɓangaren tsokar da jinin bai kai masa ba ya fara mutuwa. Hawan jini, ciwon suga, shan taba da yawan kitse a jini su ne manyan masu share masa hanya. Wanda abin ya same shi yakan ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, gumi ya keto masa, numfashi ya gagara. Da yawa a wannan lokaci sukan sakankance cewa tafiya ce ta zo.

Wasu wannan sa'ar takan wuce musu. Wasu kuwa takan zauna. Watanni bayan sallama mutum yana mafarkin ranar, yana zabura cikin dare, ba ya son bin hanyar asibitin, ɗan abu kaɗan ya harzuƙa shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan hali PTSD, wato firgicin da ke dawwama bayan mummunan tashin hankali, idan ya haura wata guda yana hana mutum sakat. A 1980 aka sanya shi a jerin cututtuka a Amurka, kuma a wancan lokaci sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam aka fi dubawa. Daga baya aka gane cewa gadon asibiti ma yana iya haifar da shi. A 2012 Donald Edmondson da abokan aikinsa na Jami'ar Kolombiya a birnin New York suka tattara bincike 24 da aka yi a kan masu irin wannan ciwo, suka samu kusan kashi 12 cikin 100, wato mutum 1 cikin 8, suna fama da alamun firgicin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, haɗarin sake kamuwa ko mutuwa a wajensu ya kusa ninka na sauran.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To shi wannan bawan Allah ina zai gudu? Wanda ya yi haɗarin mota yana iya ƙaurace wa titin. Shi kuwa macijinsa a ƙirjinsa yake. Ya hau bene zuciya ta ɗan yi sauri, sai ya ce ga ta nan ta dawo. Har ƙwayar maganin da zai sha da safe tuna masa take yi, shi ya sa aka lura masu wannan firgici sun fi yawan tsallake shan magani.

Abin mamaki, girman ɓarnar da aka gani a zuciyar ba shi ne ya fi nuna wanda zai faɗa wannan hali ba. Abin da mutum ya ɗauka a ransa game da ciwon ya fi tasiri: me ya jawo shi, yaushe zai ƙare, me zai raba ni da shi, akwai abin da zan iya yi ko babu? A 1996 Keith Petrie da abokansa a Okland ta ƙasar New Zealand suka nuna cewa waɗanda suka ɗauka ciwon zai daɗe kuma zai rusa rayuwarsu sun fi jinkirin komawa aiki, waɗanda kuma suka yarda ana iya shawo kansa sun fi halartar horon farfaɗowa. A 2002 suka gwada zama uku kacal da marasa lafiya tun suna kwance, ana gyara musu fahimta, sai ga shi sun riga sauran komawa bakin aiki.

To wa ke gina wa mara lafiya fahimtarsa a gidajenmu? Likita minti nawa yake yi da shi? Mu ne, uwargida. Mu da 'yan dubiya.

Wata za ta shigo ta ce, "Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, jifa ne." Ta faɗa ta gyara mayafi ta tafi, ta bar mutum da maƙiyin da ba ya gani, wanda zai iya sake jifa ko yaushe, ta kuma bar kishiya ko ɗan uwa da zargi. Wani zai ce ai wane ma haka ya yi, na biyun ne ya tafi da shi. Mu kuma na cikin gida sai mu mai da shi ƙwai: kar ka ɗaga buta, kar ka je masallaci da ƙafa, yara ku yi shiru kar ku kashe babanku. Ƙauna ce, amma abin da yake ji shi ne, kai fa ka gama yawo. Alhali tafiyar ƙafa daidai gwargwado, bisa shawarar likita, tana cikin maganinsa.

Sai kuma mafi nauyi, wadda na fara da ita. Idan aka ce wa mai firgici ya yi tawakkali, da sigar da ke nuna bai yi ba, an ƙara masa ciwo na uku. Ga zuciya, ga tsoro, ga kuma zargin kansa cewa imaninsa ne ya yi rauni. Sai ya yi shiru. Namiji musamman, gara ya kwana ido biyu da ya ce wa matarsa tsoro yake ji. Mace kuwa, wadda dama an san firgicin nan ya fi kama mata, sai a ce raki ne ko neman a kula ta.

A iya karatuna ban ga inda tsoro na ɗabi'a ya zama aibi a imani ba. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa, alaihis salam, ya ji tsoro lokacin da sandarsa ta rikiɗa, har ya juya baya, kuma aka kwantar masa da hankali, ba a tuhume shi ba. Malamanmu sun rarrabe tsakanin tsoron da halitta ce da kuma ɗebe ƙauna daga rahamar Allah. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya ware babi a kan tsoro da firgita, ya ɗauke su abin da ake yi wa magani kamar zazzaɓi.

Imani da ƙaddara kansa ya danganta da yadda aka riƙe shi. Wanda ya fahimci cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma neman magani umarni ne, ya sami abin jingina: ya sha ƙwayarsa, ya rage gishiri, ya kwanta ya yi barci. Wanda aka koya masa cewa ciwon horo ne a kan wani zunubi, ko kuwa tunda an rubuta to babu amfanin komai, an zare masa abin da bincike ya nuna yana kare mutum, wato jin cewa akwai abin da ke hannunsa.

Wata za ta ce, to ƙarya za mu yi masa, mu ce ba komai? A'a. Wanda ya ji mutuwa ta shafi ƙirjinsa ya san akwai komai, kuma in kika ce babu, ya daina yarda da ke. Gaskiyar ce za a faɗa cikakkiya: ciwon babba ne, yana iya dawowa, amma an san sababinsa, akwai magungunan da ke rage haɗarin sosai, kuma mutane da yawa sun yi shekaru masu yawa bayansa suna harkokinsu. Rabin farko kawai 'yan dubiya suke kawowa.

Ranar komawa asibiti ki bi maigida, ki roƙi likita ya zana masa a takarda inda jijiyar ta toshe da abin da aka yi mata, ya kuma faɗa masa wane ciwon ƙirji ne na gaggawa, wanne ne ba shi ba. Ki tambaya a gabansa yaushe zai koma kasuwa, yaushe zai yi tuƙi, da batun azumi, har da zancen shimfiɗa, wanda kunya kan hana a tambaya alhali yana cin mutane a rai. In kuma wata ya wuce yana zabura cikin dare, ko kin ga ƙwayoyin ba sa raguwa a kwalinsu, ki faɗa wa likitan wannan ma, da bakinki, domin shi ba zai faɗa ba.