Hasken da Ƙura Ta Yi wa Hijabi

Malaman tauhidi sun daɗe suna karantar da cewa ana iya sanin ɓoyayyen abu ta hanyar alamarsa, kamar yadda hayaƙi yake shaidar wuta, ga shi kuwa ilimin falaki ya kawo wa wannan ƙa'ida ta istidlali misali mai ban mamaki. A shekarar 1983, sa'ad da aka harba tauraron ɗan'adam mai suna IRAS domin auna hasken ɗumi wanda idon mutum ba ya riska, sai aka tarar cewa wani gungun taurari mai suna Arp 220, wanda haskensa yake tafiyar kimanin shekara miliyan 250 kafin ya iso gare mu, yana fitar da ƙarfin da ya haura na rana tiriliyan guda, alhali a zahiri dishi-dishi ake hangensa. Ƙura ce ta lulluɓe shi. Tana shanye hasken, ta ɗumama, ta fitar da hasken ɗumi, ita ce kuma take tona asirin abin da ta ɓoye.

Saɓanin masana yana kan baɗininsa: haihuwar sababbin taurari ce take hura wutar, ko kuwa baƙin rami mai haɗiye iskar da ke kewaye da shi? Hujjoji sun fi rinjayar da na farko, amma rinjaye zato ne mai ƙarfi, bai kai matsayin yaƙini ba.