Launi na Uku: Tunani a kan Ƙari da Ragi a Garken Damargu

Duk wanda ya mallaki abu ɗaya mai kyau ya san wasiwasin da ke biyo baya: ya tsaya a kan abin da ya iya, ko ya ƙara wani don tsoron ranar da na farkon zai ci amanarsa? A ƙasar Damargu, wato gundumomin Tanut da Balbeji a arewacin jihar Damagaram, tambayar tana da ƙaho da kofato. Bororo mai jajayen shanu yana auna ko ya sayar da biyu ya sayi taguwa. Ba'abzine mai raƙuma yana duban awaki. Manomin hatsi a Gangara ko Olelewa yana shawarar mayar da rarar rumbunsa tumaki. A ƙasar da ruwan damina bai cika wuce milimita 300 ba, kuma shekara guda kan bambanta da ƴar'uwarta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, amsar da mutum ya bayar tana iya zama ita ce tsakanin gidan da ya tsaya da gidan da ya watse.

Abin mamaki, inda aka fi tsefe wannan tambaya da alƙalami da lissafi shi ne wajen wani wasan karta. Kada mai karatu ya yamutsa fuska. Ba zancen caca za a yi ba. A shekarar 1993 wani masanin lissafi na Amurka, Richard Garfield, ya fito da wasan Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast. Bambancinsa da kartar da aka saba gani a bakin tasha shi ne kowane ɗan wasa shi ke haɗa ƙunshinsa da kansa tun daga gida, galibi kati 60, daga cikin dubban katuna. Katunan sun kasu launi biyar: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore. An gina kowane launi da ƙarfinsa da kuma rauninsa da gangan. Ja yana da saurin duka amma yana saurin ƙarewa. Shuɗi yana da dabarar hana abokin karawa motsi amma yana da nawa. Kore yana da manyan dabbobi. Sai dai kati ba ya aiki haka kawai. Sai an biya shi da ƙarfin da ke fitowa daga wasu katuna da ake kira filaye, kuma kowane fili launinsa yake bayarwa. A cikin kati 60, kimanin 24 filaye ne.

Ga inda wasiwasin yake shigowa. Mai launi biyu ya ga wani kati na launi na uku wanda zai toshe masa kafar da kullum ake cin sa ta nan. Yana so ya saka shi. To amma filayen nan 24 ba sa ƙaruwa. In da 12 da 12 ya raba su, yanzu sai ya mayar da su 10 da 10 da 4. Lissafin ba shi da wuya. A cikin katuna 10 na farko da zai gani, yiwuwar kada ko ɗaya daga filaye 4 na sabon launin ya fito ta kai kashi 47 cikin 100. Wato kusan rabin lokaci baƙon katin zai zauna a hannunsa kamar doki ba linzami. Wannan hasara ce da ido ke gani. Wadda ido ba ya gani ita ce ta tsofaffin launukan: da yiwuwar rasa filin ɗayansu a katuna 10 kashi 9 ce cikin 100, yanzu ta koma kusan 14. Baƙo ya zo, amma daga akushin masu gida aka ɗebo masa tuwo.

Garke ma haka yake, sai dai filayensa su ne hannuwa da rijiya da makiyaya. Saniya ciyawa take so, kuma a tsakiyar rani ba ta jure ƙishi fiye da kwana biyu ko uku. Raƙumi yana ɗaga wuya ya ci kandili da aduwa, yana iya yin mako bai ga rijiya ba, saboda haka yana kaiwa inda saniya ba ta isa. Akuya tana cin abin da kowa ya raina. Wajen haihuwa kuma tazarar ta fi yawa: akuya da tunkiya wata biyar, saniya wata tara, taguwa kimanin wata goma sha uku. Shi ya sa bayan farin 1973 zuwa 1974, da kuma na 1984 wanda mutane suka laƙaba wa sunan El-Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya, gidaje da yawa da ƙananan bisashe suka sake tashi. Wanda shanunsa suka ƙare amma awaki biyar suka tsira, yana da abin farawa. Wanda launi ɗaya ya riƙe, launin kuma ya faɗi, sai ya nufi Damagaram ko Kano neman gadi. Hujjar masu ƙari ke nan, kuma hujja ce mai nauyi wadda kaburburan waɗannan shekaru suka sa wa hannu.

Amma taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu iya magana. Dabbobin da ba abinci ɗaya suke ci ba, ba hanya ɗaya suke bi ba. Raƙuma suna son arewa da itatuwa, shanu suna son kwari da ciyawa, tumaki ba sa iya tafiyar da jan sa ke yi a yini. Kowane garke yana bukatar mai binsa. Rijiyoyin Damargu kuwa masu zurfi ne, wasu sai an ɗaura igiya a jikin sa ko jaki ko raƙumi ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya iso baki, kuma kowane gida yana da lokacinsa a bakin rijiya. Ƙarin baki ƙarin sa'o'i ne. Akwai kuma abin da ya fi wannan laushi. Jajayen shanun Bororo ba taron dabbobi ba ne kurum. Zuriya ce da aka san uwayenta da kakanninta, aka zaɓi bijimanta shekara da shekaru, har suka saba da muryar mai su da zaɓen ciyawa mai kyau. Irin wannan sani hankali cikakke yake ci. Wanda ya raba hankalinsa uku, wataƙila ba zai ga hasarar a bana ba. Zai gan ta bayan shekara goma, a cikin maruƙan da ba su kai iyayensu ba.

Har zuwa nan magana ce ta dabara, kuma da a nan ta tsaya da ba ta cancanci a kira ta tambayar ɗabi'a ba. Abin da ya mayar da ita haka shi ne bambanci guda tsakanin ɗan wasan karta da mai garke. Ɗan wasa in ya ƙara launi ya sha kaye, shi ya yanke shawara, shi ya biya. Filayensa takarda ce, ba sa gajiya. Filayen mai garke kuwa mutane ne. Awaki ashirin da aka ƙara don tsaron gida, sau da yawa yarinya ƴar shekara tara ce za ta bi su, kuma ita ce ba za a gani a lakwal ba idan an koma hutu a watan Oktoba. Tulunan ruwan da suka ƙaru a bayan jaki, matar gida ce za ta ɗora ta sauke. Raƙuman da aka tura arewa, saurayi ne zai kwana da su wata da watanni nesa da kowa. Maigida yana sayen kariya daga masifar da ke zuwa sau ɗaya a shekara goma, ana biyan kuɗin kullum safiya daga jikin waɗanda ba a tambaya ba.

Wannan ba ya nufin maigidan azzalumi ne. In fari ya zo, nonon awakin nan yarinyar za ta sha, watakila shi ne ma zai raya ta. Amma adalci yana bukatar a faɗi farashin da sunansa. Kuskuren da ɗan wasa da maigida suke tarayya a cikinsa shi ne tuna ranar da baƙon kati ya ceci wasa, da mance ranaku goma da ya sa hannu ya cije. Ranar ceto tana da labari, ana ba da shi a dandali. Ranakun cijewa ba su da labari; gajiya ce kawai da ba wanda ya ƙidaya.

Sai kuma zancen mai hali da marar hali, wanda a nan ma wasan ya tona asiri. Akwai filaye na musamman masu ba da launi biyu a kati ɗaya, kuma mafi kyawunsu su ne mafi tsada. Mai kuɗi yana ƙara launi na uku kusan kyauta, talaka yana ƙarawa da haɗari. A Damargu irin wannan fili shi ne makiyayin haya, da rijiyar kai, da motar da ke kai dusa da ruwa har inda dabbobi suke. Ɗan kasuwar birni mai shanu da raƙuma da tumaki ba ya cire ɗansa daga makaranta. Ɗan wani yake ɗauka. Saboda haka shawarar nan da ake yawan ba talakawa a tarurrukan ayyukan raya karkara, cewa su yawaita hanyoyin samu, gaskiya ce da aka yanke mata rabi. Wanda ya fi kowa bukatar launi na uku shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin filin ɗaukarsa.

Kuma ba kowane ƙari ne sabon launi ba. Harry Markowitz, wanda ya rubuta maƙalarsa a kan rarraba dukiya a 1952 ya kuma sami kyautar Nobel a 1990, ya nuna cewa rarrabawa tana amfani ne gwargwadon yadda abubuwan ba sa faɗuwa tare. Makiyayin da ya ƙara gonar hatsi a gefen zangonsa yana jin ya yi dabara, alhali gonar da ciyawar gajimare ɗaya suke jira. Shekarar da ruwa ya ƙi, hatsi ya ƙone, ciyawa ta ƙi fita, farashin sa ya faɗi a kasuwa daidai lokacin da tiyar hatsi ke hawa, kamar yadda aka gani a 2005 da 2010. Ga shi gonar ta ɗaure ƙafarsa a wuri ɗaya a lokacin da tafiya ce kaɗai maganin shanunsa. Ya biya kuɗin launi biyu, ya tashi da ɗaya.

Tarihin ƙasar yana da wata amsa wadda wasan karta ba zai iya bayarwa ba, domin ɗan wasa shi kaɗai ne a bayan katunansa. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Damargu a watan Janairu na 1851, inda ya rabu da abokan tafiyarsa Richardson da Overweg, ƙasar rumbun Abzin ce. Ayarin Kel Ewe yana saukowa da gishiri da dabino, yana hawa da hatsi. Manoman Dagira da Hausawa suna noma, masu raƙuma suna sufuri, daga baya Fulani suka yawaita da shanunsu. Launukan duk suna nan, amma a gidaje dabam-dabam, kasuwa da amana suna haɗa su. Ba a ce zaman adalci ne tsantsa ba; akwai bauta a cikinsa, akwai harajin ƙarfi, akwai hari. Duk da haka tsarin ya gane abu guda: ba dole kowane gida ya zama duniya sukutum ba. Al'adar habbanaye ta Fulani a kan wannan fahimta take. Mutum ya ba ɗan'uwansa aron karsana, ta haihu a can, mai aro ya riƙe ƴaƴan, uwar ta dawo. Mai bayarwa ya taimaki wani, ya kuma ajiye jinin garkensa a ƙarƙashin wani gajimaren, ba tare da ya ƙara wa ƴarsa ko awa ɗaya ta aiki ba.

Abin da ya sa gidaje suke ta cusa kowane launi a ƙunshinsu a yau shi ne wannan amana ta yi rauni. Manomi ya sayi nasa shanun, don haka ba ya bukatar takin Bafillace, kuma karan gonarsa ya zama abin sayarwa. Gonaki sun haura iyakar noma da dokar 1961 ta shata, burtali ya ƙuntata, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da haƙƙin tafiya a takarda amma takarda ba ta tsare hanya. Idan mutum bai yarda maƙwabcinsa zai riƙe masa launin da ya rasa ba, dole ya riƙe da kansa, ko da hannuwan gidansa ba su isa ba. Yawan launi a gida ɗaya, a wani ɓangaren, ma'aunin ƙarancin yarda ne a gari.

To a ƙara ko kada a ƙara? Ƙwararrun ƴan wasa sun daɗe da cimma matsaya mai kama da hankalin tsofaffin makiyaya. Ana ƙara launi idan yana maganin raunin da ke kisa, ba don katin yana da kyan gani ba. Ana ƙara shi kaɗan, kati biyu ko uku waɗanda ko sun makara suna da amfani, kuma ba a gina farkon wasa a kansu. Awaki goma a gefen shanu arba'in sun cika wannan sharaɗi: suna cin abin da shanu ba sa ci, suna tsira inda shanu ke faɗuwa, ana sayar da ɗaya a sayi magani ba tare da an taɓa uwar garke ba. Taguwar da aka saya don a gan ta ranar salla ba ta cika shi ba. Sharaɗi na ƙarshe babu shi a littafin dokokin wasan, domin a can ba a bukatarsa: kafin maigida ya kama hanyar kasuwar Balbeji da igiya a hannu, ya zauna da wadda za ta ɗebo ruwan da wanda zai bi sawun, ya ji ko akwai sauran wuri a yininsu.