Shin Neman Tiyata Domin Ciwon Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa Rashin Haƙuri Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Akwai bayin Allah da ciwon baya ko na gwiwa ya daɗe yana cinsu, har sujada ta gagare su. Idan ƙwayoyi suka kasa, likita yakan kawo shawarar allura a kusa da lakar gadon baya, ko ƙona jijiyar da ke kai saƙon zafin da bakin allura, ko dasa wata 'yar na'ura mai aika lantarki ga lakar, wadda aka fara dasawa a Amurka a 1967. Sai mai ciwo ya shiga waswasi: yarda da wannan ba gazawa ba ce wajen haƙuri da tawakkali?

Wannan tambaya tsohuwa ce, domin ƙona jijiya ɗan'uwan lalas ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ambaci lalas tare da zuma da ƙaho cikin abubuwan da ke da waraka, amma ya hana al'ummarsa shi. Duk da haka shi da kansa ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu lalas sa'ad da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙu. Malamai suka daidaita ruwayoyin da cewa lalas maganin ƙarshe ne, ana zuwa gare shi bayan mai sauƙi ya gaza.

To, haka hukuncin yake a yau. Jiki amana ne, ba a huda shi sai amfanin ya rinjayi cutarwar. Wajibi ne likita ya zama gwani, ya kuma faɗi gaskiya: jijiyar da aka ƙona takan sake tohowa bayan watanni, ciwon ya dawo, kuma akwai haɗarin zubar jini ko shigar ƙwayar cuta.

Wanda ya zaɓi jurewa yana da lada, muddin jurewar ba za ta kai shi ga barin farilla, ko tauye haƙƙin iyali, ko dulmuya cikin ƙwayoyi masu sa maye ba. Wanda kuwa ya nemi aikin bai fita daga sahun masu haƙuri ba, domin haƙuri shi ne kame zuciya da harshe daga fushi da hukuncin Ubangiji. Mai tawakkali yakan riƙi sababi, yana mai sakankancewa cewa waraka daga Allah take.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.