Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Vijay Singh Daga Ikoyi Zuwa Sahalee

A watan Maris, lokacin da ƙasar Kano ta bushe ƙayau, duk wanda ya bi hanyar Zariya ya haye gadar Tamburawa ta Dawakin Kudu, ya doshi Kura da Kadawa, zai ga gonaki kore shar hagu da dama: ga alkama ta kusa yanka, ga albasa, ga kwandunan tumatur ana lodi a Kwanar Gafan. Ruwan da ke bin magudanan nan na daminar da ta wuce ne. Ya sauka kaɗan-kaɗan a duwatsun kudancin jihar, ya ratsa dajin Falgore, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Manomin Bunkure ba ya buƙatar a yi masa sharhin "da yayyafi kogi kan cika", domin da wannan maganar yake cin tuwo.

Akwai wani wasa da aka gina lissafinsa kacokan a kan wannan karin magana, ko da yake a Kano ana yi masa kallon wasan masu hannu da shuni. A golf, ɗan wasa yana bin ramuka 18 a rana, kwana huɗu a jere, ramuka 72 ke nan, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ne zakara. Bugun da ya cilla ƙwallo mita 270 ɗaya ake ƙirga shi, haka ma ɗan turin da bai kai kamu guda ba. Babu bugu ɗaya da ke ci wa mutum gasa, sai dai a tara.

A watan Agusta na 1998 aka yi gasar PGA, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na duniyar golf, a filin Sahalee da ke jihar Washington ta Amurka. Fili ne mai dogayen itatuwa da suka matse hanya, wanda ya karkace kaɗan ya shiga daji. Da aka wayi garin ranar ƙarshe, mutum biyu ne kunnen doki a kan gaba: Ba'amurke Steve Stricker da Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji. Singh ya yi bugu 68 a ranar, Stricker ya yi 70. Jimillar Singh ta tashi 271, ya ɗauki kofin da ratar bugu biyu. Shekarunsa 35, kuma wannan ce babbar gasarsa ta farko.

Masu kallo a talabijin kogin suka gani. Yayyafin ya fara ne nesa da kyamara, kuma wani ɓangarensa a Najeriya ya sauka.

An haifi Singh a garin Lautoka a 1963, cikin zuriyar Indiyawan Fiji. Mahaifinsa makanikin jiragen sama ne da ke koyar da golf a gefe, kuma yaron ya gyara bugunsa ta hanyar nazarin salon ƙwararren ɗan wasa Tom Weiskopf. Ya ci gasarsa ta farko a Malesiya a 1984. Shekara guda bayan haka sai ƙaddara ta faɗa masa: a gasar Indonesiya ta 1985 aka zarge shi da sauya lissafin katinsa, zargin da ya musanta, aka dakatar da shi daga gasannin Asiya. A golf babu tabon da ya kai wannan muni, tunda kowa shi ke sa hannu a kan lissafin kansa. Ya ƙare a wani ƙaramin kulob a Keningau, can cikin tsibirin Borneo, yana koyar da masu sha'awa, idan ya sami sarari kuma ya tsaya cikin zafin rana yana buga ƙwallo bayan ƙwallo, ba mai tafa masa.

Daga nan ya tara ɗan guzuri ya nufo Afirka. A wancan zamani akwai jerin gasanni da ake kira Safari, inda ƙwararrun Turai ke gudun hunturu su zaga Najeriya, Kwaddibuwa, Kenya, Zambiya da Zimbabuwe. A filin Ikoyi na Legas ake yin ta Najeriya, kuma a lokacin kewayen ramukan ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai aka lallaɓe shi. A nan Singh ya ci gasar Najeriya ta 1988, ya dawo ya sake cin ta 1989. A 1989 ɗin ya ci gasarsa ta farko a Turai, a ƙasar Italiya, sannan a 1993 ya shiga jerin ƙwararrun Amurka, aka zaɓe shi gwarzon sababbin shiga na shekarar.

Wani zai ce ai sa'a ta fi sammako, kuma yana da hujja a Sahalee kanta. A rami na 11 ranar ƙarshe, ƙwallon Singh ta karkace ta daki itace, maimakon ta faɗa daji sai ta dawo ta sauka a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, ya fita da riba inda ya kamata ya yi asara. Wannan sa'a ce tsagwaronta, ba mai musu. Amma itacen bugu ɗaya ya gyara masa, sauran 270 da hannunsa ya yi su. Kuma da sa'ar ta zo, a sahun gaba ta same shi. Da yana na arba'in a jeri, ko mai ɗaukar masa jaka ba zai tuna da wannan itace ba.

Sau da yawa ana jefa wannan karin magana don lallashi kawai, a ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya yi haƙuri. Alhali akwai sharaɗin da ba a faɗa ba. Yayyafin da ya sauka a fako ƙasa ke shanye shi, rana ta ƙarasa sauran. Sai da kwari da zai tattara shi, da madatsa da za ta riƙe shi. Mutanen Kura sun san haka fiye da kowa: ko Tiga ta cika maƙil, idan yashi da ciyayi suka toshe magudanai, gonakin da ke can ƙarshen layi ƙishirwa suke kwana da ita, abin da ya sa aka shigo da shirin TRIMING na Bankin Duniya don gyara su. Abin da ya tattara wahalar Singh shi ne bai canza hanya ba, sana'a ɗaya ya riƙe tun yana yaro, kuma ya shahara a tsakanin abokan wasansa da cewa shi ke riga kowa zuwa filin atisaye, shi ke barinsa ƙarshe. Sannan a kowane mataki ya tarar da gasa da ke buɗe masa ƙofar ta gaba.

Bayan Sahalee abin sai ya zama ambaliya. Ya ci babbar gasar Masters a 2000, ya ba Ernie Els ratar bugu uku. A 2004 ya sake cin gasar PGA a filin Whistling Straits, duk da ya yi bugu 76 a ranar ƙarshe, sai da aka je zagayen raba gardama da Justin Leonard da Chris DiMarco. A watan Satumba na shekarar, yana da shekara 41, ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya, bayan Woods ya shafe mako 264 a jere a kai. Gasa tara ya ci a 2004 kaɗai, ya zama na farko da ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka guda. Cikin gasanni 34 da ya ci a jerin ƙwararrun Amurka, 22 bayan ya cika shekara arba'in ya ci su, shekarun da yawancin 'yan wasa ke tunanin ajiye sanda.

Ba shi kaɗai ne ya bi ta Ikoyi ba. Sandy Lyle na Sikotilan a gasar Najeriya ta 1978 ya fara cin kofi a matsayin ƙwararre, kafin ya ci babbar gasar Birtaniya a 1985 da Masters a 1988. A filin ne kuma Peter Tupling ya kammala ramuka 72 da bugu 255 a 1981, lissafin da ya girgiza duniyar golf a lokacin. A shekarun 1990 gasar ta fita daga jadawalin Turai, manyan baƙi suka daina zuwa. Har yau akwai filayen golf a Kano da Kaduna da Jos, kuma har yau akwai yaran da ke ɗaukar jakar sanduna suna satar kallon yadda ake bugu, wanda ta nan ne yawancin ƙwararrun Najeriya suka fara. Sai dai yaron da ya gwanance yanzu, in yana son ya gwada kansa da irin su Lyle da Singh na wannan zamani, dole ya nemi biza da kuɗin jirgi ya bi su Kenya ko Afirka ta Kudu.