Dinarin Kaisar da Masu Tara Tsoffin Kuɗi

A Turai da Amurka akwai mutanen da babu abin da suke ƙauna kamar tara tsoffin kuɗin Romawa. Ba don su kashe suke tarawa ba, gama babu kasuwar da za a karɓi irin wannan kuɗi yau. Jera su suke yi cikin akwati, kowane da gurbinsa. A watan Oktoba na 2020 aka yi gwanjon sulen zinariya guda ɗaya a Landan, aka saye shi fiye da fam miliyan 3. Burutus ne ya sa aka buga shi a shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu, yana taƙama da kisan Yuliyas Kaisar, har da hoton wuƙaƙe biyu a jikinsa. Daga baya hukuma a Amurka ta gano takardun asalinsa na ƙarya ne, a 2023 kuwa aka mayar da shi ƙasar Girka.

Kada Kirista ya yi saurin yi musu dariya, domin wannan sha'awa ta shigo har cikin masu bi. Bisharar Matiyu sura 22 ta nuna yadda Farisiyawa suka ɗana wa Ubangiji Yesu tarko a kan biyan haraji, shi kuwa ya ce a nuna masa kuɗin, ya tambaye su hoton wane ne a kai. Dinari ne aka kawo masa, watau ladan aikin yini guda na ɗan ƙodago. Yawancin masana sun ɗauka na Kaisar Tibariyas ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Saboda wannan labari dinarin Tibariyas ya yi tsada a wurin masu tarawa. Mai saye yana so ya riƙe abin da watakila ya bi ta gaban Yesu. Amma an buga irinsa ba iyaka, ba kuwa mahalukin da zai iya nuna wanda aka miƙa a ran nan.

Wanda ya zauna Abijan ya san wannan ciniki, ko da bai taɓa ganin kuɗin Roma ba. Hausawa sun daɗe suna sayar wa Turawa kayan gargajiya a Treichville: fuskokin itace, da duwatsun wuya, da ƙananan ma'aunan tagulla waɗanda Baule da sauran Akan suke auna garin zinariya da su a dā. Wani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya zauna da waɗannan 'yan kasuwa, ya fitar da littafi a kansu a 1994. Ya nuna yadda Bature yakan ƙi sabon abu kome kyansa, ya nace sai tsoho. To, da aka ga tsufa ake biya, sai aka koyi ƙera tsufa. A turara sabon sassaƙa da hayaƙi, a shafa masa ƙasa, kafin wata guda ya zama kayan kakanni.

Laifin wane ne ke nan? Da sauƙi a ce na mai sayarwa ne, shi ya yi ƙarya. Gaskiya ne, doka ta tara ba ta keɓe Bature ba. Sai dai mai saye ma ba a wanke yake ba. Ba kayan yake so ba, labarin da aka rataya musu yake biya, sau da yawa kuwa ba ya son ya tambaya daga wane kabari ko wane gida aka ɗauko. Kuɗinsa ne ke tura matalauci haƙa da dare. Ba haramun ba ne mutum ya so tsohon abu don ya koyi tarihi. Ko a aljihun ɗan Williamsville mai shiga gbaka zuwa Adjame akwai darasi, gama kifin nan mai baki kamar zarto da ke jikin dala ashirin na sefa siffar ma'aunin zinariya ne. Abin tsoro shi ne ranar da koyo ya ƙare, mallaka kaɗai ta rage.

Akwai wani kuɗi kuma da ake sayar wa masu ziyara a kantunan Urushalima, ana kiransa aninin gwauruwa. 'Yan ƙananan tagulla ne na Yahudawa, yawancinsu daga zamanin sarki Iskandari Yannayus, wanda ya mutu shekara 76 kafin Almasihu. Markus sura 12 ta ba da labarin matar da ta zuba biyu a baitulmalin Haikali, ba ta da sauran kome. Yesu ya yabe ta domin kuɗin sun fita daga hannunta. Yau ana ɗaure irinsu da azurfa, a rataya a wuya, don kada su ɓace.

Ga saurayi mai bi wanda ya zo Abijan neman abinci, aka ɗauke shi aikin turara sassaƙa a wani sito, maganar ba ta nesa ba ce. Hayaƙin kansa ba zunubi ba ne. Amma wata rana maigida zai fita, baƙo ya ɗaga fuskar itace ya tambaye shi shekarunta nawa. In ya ce ta makon jiya ce, farashin zai faɗi ƙasa warwas, watakila aikin ma ya tafi tare da shi, ga kuɗin haya yana jira a ƙarshen wata.