Sa Hannu da Gaskiya: Wa Zai Bi Wani?

Ranar 14 ga Afrilu, 1968, ranar da ya cika shekara 45 a duniya, Roberto De Vicenzo ya buga wasan da ya kamata ya zama abin alfaharinsa. Mutumin Ajantina ne, ɗan talakawa, wanda ya fara da ɗaukar wa masu kuɗi jakar sandunan golf tun yana yaro. A 1967 ya ci babbar gasar Birtaniya, ga shi yanzu a gasar Masters a Augusta ta Amurka.

A wasan golf, mai ƙarancin bugu shi ne gwani, kuma abokin karawarka ne ke rubuta maka lissafi, kai kuwa ka duba ka sa hannu. A rami na 17 De Vicenzo ya jefa ƙwallo da bugu 3. Dubban mutane sun gani da idonsu, wasu kuma a talabijin. Amma Tommy Aaron ya rubuta 4. Gogan naka bai duba ba, ya rattaba hannu. Doka ta ce in bugun da ka sa wa hannu ya fi na gaskiya yawa, shi ke tsayawa. Sai 65 ta zama 66, Bob Goalby ya ɗauki gasar da ratar bugu ɗaya, alhali da kunnen doki suka yi.

To, mai karatu, an yi adalci? Zuciyata ta daɗe tana cewa a'a, don gaskiyar da kowa ya shaida ta fi tawada nauyi. Sai dai filin golf faɗi gare shi, alƙali ba ya bin kowa rami-rami. Wasan duka a kan amana yake tsaye, sa hannu kuwa rantsuwa ce. In aka warware ta yau don jama'a sun gani, yaya za a yi da wanda ya buga nasa a lungu, ba kyamara?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin mutumin. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga tudun Aaron a fili, amma De Vicenzo bai nuna shi da yatsa ba, kansa ya kira wawa a gaban 'yan jarida. A 1970 hukumar golf ta Amurka ta ba shi lambar girmamawa saboda dattakunsa. Ya rasu a 2017, bai taɓa cin Masters ba.